Ranar Awon Yaro da Sigarin Uba: Darasi kan Tambayar da Likitan Yara ke Yi



Duk wanda ya taɓa kai yaro awo a ƙasar nan ta Amurka ya san takardar da ake miƙo wa iyaye kafin a kira su ciki, ko kwamfutar hannu da ta maye gurbinta a wasu asibitocin. Tambayoyi ne a jere: abin da yaro ke ci, yadda yake barci, ko yana da kujerarsa ta musamman a mota. A tsakiyarsu akwai wata gajeriya: shin akwai mai shan taba a gidan da yaron yake zaune? Masu kai yara awo a cikinmu galibi mata ne, masu shan sigari kuwa galibi maza ne. Saboda haka tambayar takan faɗa hannun matar da aka tarbiyyantar tun tana ƙarama a kan cewa asirin miji ba ya fita ta bakinta. Sai ta zaɓi "babu", ta wuce gaba.

Ba zargin wannan baiwar Allah nake yi ba. Ladabi ta yi gwargwadon yadda aka koya mata. Sai dai akwai abin da ba a bayyana mata ba, shi ma maigidan ba a bayyana masa ba. A asibitocin yara da dama wannan tambaya bakin ƙofa ce. Wanda ya amsa da "akwai", a bayan ƙofar akwai takardar magani da layin waya na masu ba da shawara kyauta, kuma babba aka tanadar wa su. Darasinmu na yau zai duba dalilin da ya sa likitan yara ya damu da sigarin uba, da hanyoyin da hayaƙi ke bi ya iske yaro ko da uban yana ganin ya yi nesa da shi, da abin da magidanci zai iya fita da shi daga ɗakin likita idan aka faɗi gaskiya.

Dalilin bi ta kan yara

Magidancinmu a nan, ɗan shekara 30 zuwa 45, da wuya ka same shi a gaban likita don kansa. Ko yana tuƙin taksi ko Uber awa 12, ko yana gadin dare, ko yana jidar kaya a sito, kuma ranar da bai fita ba babu kuɗi. Wani ba shi da inshorar lafiya, wani yana da ita amma ko sunan likitansa bai sani ba. Ɗansa kuwa ba haka yake ba. Jadawalin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta tsara ya nemi a ga jariri a makonsa na farko, sannan idan ya cika wata 1, 2, 4, 6, 9, 12, 15, 18, 24 da 30. Zuwa 11 ke nan cikin shekara biyu da rabi, ban da na zazzaɓi da tari da ciwon kunne. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai Medicaid da CHIP da ke ɗaukar nauyinsu. Babu wata ƙofar lafiya da iyaye matasa ke takawa a kai a kai kamar wannan.

Wannan lissafi ne ya sa wani likitan yara a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, Dakta Jonathan Winickoff, da abokan aikinsa suka tsara shirin da ake kira CEASE. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. A tambayi kowane iyali a kowane zuwa, tun daga teburin karɓar mutane, don kada wani ya ji shi kaɗai aka ware. Wanda ya ce yana sha, likitan yaron ya rubuta masa maganin nikotin nan take, maimakon ya ce masa ya je ya ga likitansa. Sannan, da yardarsa, asibitin ya miƙa lambarsa ga layin taimako na jihar, su ne za su kira shi. Wannan matakin na ƙarshe ya fi burge ni. Duk tsarin da ya dogara ga cewa gajiyayyen mutum zai tuna ya buga waya bayan kwana uku, tsari ne mai yoyo. Da aka juya kiran sai aka toshe yoyon.

A 2019 mujallar JAMA Pediatrics ta wallafa sakamakon gwajin shirin a asibitocin yara 10 a jihohi 5. Ƙuri'a aka yi: rabi suka ɗauki shirin, rabi suka ci gaba da yadda suka saba. A inda ake shirin, kimanin kashi 44 cikin 100 na iyaye masu sha sun fita da taimako a hannu, ko takardar magani ko rajista a layin waya. A sauran asibitocin adadin ko kashi 1 bai kai ba. Bayan shekara 2, yawan iyaye masu sha ya ragu da kusan kashi 3 a rukunin farko, ya ɗan ƙaru a na biyu. Mai karatu yana iya cewa kashi 3 ba abin a-zo-a-gani ba ne, kuma haka ne, sigari ba ta sakin mutane da daɗin rai. Ni dai adadin da ya tsaya mini a rai shi ne wancan da bai kai kashi 1 ba. Ma'anarsa ita ce inda ba a kafa tsari ba, likita zai iya jin cewa uba yana sha, ya ce masa ba kyau, su yi sallama a haka. Ba kowane asibiti ke da wannan shiri ba. Idan naku ba shi da shi, sai ku ku buɗe baki ku nema.

Hanyoyin da hayaƙi ke bi

Uba mai sha ba mugu ba ne, kuma da wuya ka ga ya kunna sigari a kan jariri. Yana da dabarunsa: ya leƙa ta taga, ya shiga banɗaki ya kunna fanka, ya fita matakalar bene, ya sauke gilashin mota, a biyo bayansa da turaren wuta. Sana'ata ita ce tsara yadda iska ke shiga da fita a gine-gine, don haka zan ɗan daɗe a wannan gaɓa.

Hayaƙin sigari ya ƙunshi sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Abin da ido ke gani yana murɗawa sama ɗan kaɗan ne daga ciki. Saura iska ce mai guba da wani ɓurɓushi mai tsananin ƙanƙanta, mafi yawansa bai kai maikiron 1 ba, alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Abu mai ƙanƙanta haka ba ya zubewa ƙasa kamar rairayi. Shawagi yake yi na sa'o'i, yana bin duk inda iska ta bi, kuma iskar gida tana da hanyoyinta da mazauna gidan ba su sani ba.

Mu ɗauki taga. A lokacin sanyi dogon bene yakan zama tamkar bututun hayaƙi. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, don haka tana hawa ta matakala, da ramin lifta, da duk wata kafa da bututun ruwa ko wayar lantarki suka ratsa, har ta fita ta hawan sama. Gurbin da ta bari, iskar waje ce ke cike shi ta tagogi da ƙofofin hawan ƙasa. To wanda ke zaune a hawa na biyu, idan ya leƙa ta taga yana busawa, iskar da ke shigowa ce za ta mayar da hayaƙin cikin falo ta bayan kunnensa. Wanda ya fita matakala kuwa, hayaƙinsa hawa zai yi ya shiga ta ƙarƙashin ƙofofin maƙwabta, wani kuma ya biyo shi ciki lokacin da ya buɗe tasa ƙofar. Fankar banɗaki don tururi da wari aka yi ta, ba ta da ƙarfin kwashe hayaƙi da saurin da sigari ke fitar da shi. A tsofaffin gine-gine irin waɗanda da yawa daga cikinmu ke haya a Bronx da Harlem, sau da yawa bututunta ɗaya ne da na gidajen sama da na ƙasa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya auna jinin yaran da babu mai sha a cikin gidajensu, ya samu cewa alamar nikotin a jinin mazauna benen haya ta fi ta mazauna gida mai zaman kansa da kashi 45 cikin 100. Hayaƙin maƙwabci ne ya iske su. Irin wannan hujja ce ta sa tun ƙarshen watan Yulin 2018 aka haramta shan taba a cikin dukkan gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi a Amurka.

Ƙungiyar ASHRAE, wadda ke tsara ƙa'idojin da injiniyoyin iska ke aiki da su, ta bayyana matsayinta a rubuce tun 2005: babu fanka ko matatar iska da za ta kawar da haɗarin hayaƙin taba a cikin gini, hanya ɗaya ita ce kada a sha a ciki. A lura da masu maganar: mutanen da fanka da matata ne abincinsu. A shekarar da ta biyo baya, 2006, rahoton Babban Likitan Amurka ya tabbatar da cewa babu wani gwargwado na shaƙar hayaƙin wani da za a ce ba ya cutarwa.

Turaren wuta kuma, da girmamawa ga iyayenmu mata da suka iya haɗa shi, wari kawai yake rufewa. Shi ma ƙuna ne, yana zuba nasa ɓurɓushin a iska. Ɗakin da aka sha sigari aka bi shi da kasko, hayaƙi biyu ne yaro ke shaƙa, sai dai hanci ya daina yin ƙorafi. Mota ta fi ɗaki muni saboda ƙuncinta, kuma sauke gilashi ba ya hana hayaƙi juyawa zuwa kujerar baya. Jihar Kalifoniya ta hana shan sigari a motar da ke ɗauke da yaro tun 2008, Ingila da Wales suka yi haka a ranar 1 ga Oktoba 2015. A tuna cewa motar da aka yi aiki da ita duk mako ita ce ake zuba iyali a ciki ranar hutu.

Akwai kuma abin da ke saura bayan hayaƙi ya washe, wanda binciken Winickoff na 2009 ya yaɗa sunansa: hayaƙi na uku. Nikotin abu ne mai danƙo. Yana maƙalewa a labule, kafet, kushin, bango, riga, gemu da yatsu, yana iya daɗewa watanni. A 2010 masu bincike a ɗakin gwaji na Lawrence Berkeley suka nuna cewa idan wannan ragowar ta haɗu da wata iska da murhun gas da injin mota ke fitarwa, takan rikiɗe ta zama sinadarai masu haddasa ciwon daji. Wa ya fi kusa da kafet a gida? Mai rarrafe, wanda duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa ne makomarsa. Wani bincike na 2004 a San Diego ya kwatanta gidaje iri uku masu jarirai. Inda iyaye ke fita waje su sha, abin da ke isa ga jariri ya ninka na gidan da ba a sha sau 5 zuwa 7. Inda ake sha a ciki, ya ninka na masu fita waje sau 3 zuwa 8. Don haka mai fita waje ya yi ƙoƙari, kuma kada ya daina fita, amma ya sani rage ɓarna ya yi. Yana dawowa ya ɗauki yaro, kan yaron a ƙirjin rigarsa yake kwanciya.

Abin da likitan ke gani a jikin yaro

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, jariri sau 30 zuwa 60. A ɗaki guda, gwargwadon nauyin jikinsa, jaririn ya fi kowa shaƙa, kuma huhunsa bai gama ginuwa ba. Daga nan ake samun yawan tari, da ciwon haƙarƙari, da huhun da bai kai girman da ya kamata ba. 'Yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro gajeriya ce a yaro kuma a kwance take. Hayaƙi yana kumbura ta, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ciwo ya yi ta dawowa, wani lokaci har jin yaro ya ragu a daidai shekarun da yake koyon magana. Mai asma kuwa, hayaƙi yana sa ta riƙa tashi da yawa kuma da tsanani, ga shi Bronx tana cikin wuraren da asmar yara ta fi yawa a ƙasar nan. Uwar da ta kwana a sashen gaggawa riƙe da robar numfashi a fuskar ɗanta ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

Mafi nauyi shi ne mutuwar farat ɗaya da kan ɗauki jariri a cikin barci. Hayaƙin taba, kafin haihuwa da bayanta, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinta. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, domin al'adarmu ce jariri ya kwana a gadon uwarsa. Likitocin yara a nan suna ba da shawarar a kwantar da shi a nasa gadon, a rigingine, cikin ɗakin iyaye, kuma gargaɗinsu ya fi tsanani idan ɗaya daga cikin masu kwana a gadon yana shan sigari, ko da ba a ɗakin yake sha ba. Likitar da aka ce wa "babu" za ta ba da shawarar da ta dace da gidan da ba a sha. An hana ta abin da za ta auna haɗarin da shi.

Ba ma lallai amsar ta ɓoye wani abu ba. Jiki yana mayar da nikotin wani sinadari da ake kira kotinin, wanda ake iya aunawa a fitsari ko yawu ko jini, kuma yakan yi kwanaki kafin ya gushe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jaraba ce, kuma tana da magani

Mun saba ɗaukar shan sigari a matsayin rashin tarbiyya ko raunin zuciya, shi ya sa maganin da muka sani shi ne faɗa da gori. Yadda abin yake a jiki daban ne. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin kimanin daƙiƙa 10 da zuƙa, kuma cikin awa 2 rabinsa ya bar jini. Ƙwaƙwalwar da ta saba da shi takan fara nema da zarar ya ragu: ƙunci, saurin fushi, kasa tattara hankali, rashin barci. Mai kwali ɗaya a rana yana maimaita wannan hawa da sauka sau 20, shekara da shekaru, har sigarin ya ɗinke da shayin safe, da jiran fasinja a filin jirgi, da bayan cin abinci. Ƙididdigar hukumar CDC ta nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu sha a Amurka suna son dainawa, fiye da rabi suna gwadawa kowace shekara, amma waɗanda ke dacewa ba su kai 1 cikin 10 ba. Mai gwadawa da ƙarfin zuciya kaɗai, ba magani ba shawara, a cikin 100 kimanin 3 zuwa 5 ne ke kai shekara. Ɗan uwan da ya gwada sau huɗu ya koma ba malalaci ba ne, da hannu ya tari abin da ke bukatar kayan aiki.

Kayan aikin farko shi ne nikotin ɗin kansa, a ba jiki shi ba tare da hayaƙi ba. Wasu kan yi mamaki: a yi maganin guba da guba? Amsar ita ce nikotin shi ke ɗaure mutum, amma kwalta da iskar kabon monoksaid da sauran abin da ƙuna ke haifarwa su ke kisa. Taƙaitaccen sakamakon gwaje-gwaje masu yawa ya nuna wannan magani yana ƙara yiwuwar dainawa da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, kuma haɗa iri biyu ya fi iri ɗaya. Na farko filasta ce da ake mannawa a damtse ko ƙirji kowace safiya, a busasshiyar fata marar gashi, ana sauya wuri kullum. Mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da mai miligiram 21 na mako 6, ya sauko 14 na mako 2, sannan 7 na mako 2. Idan ta sa mafarkai masu yawa, a cire ta kafin kwanciya. Na biyu cingam ne ko alawar tsotsa, don lokacin da ƙawar ta taso. Wanda ke kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, mai miligiram 4 ne nasa, saura kuma mai 2. Mutane da yawa sun ce cingam ɗin bai yi musu aiki ba, alhali taunar ce ba a yi daidai ba. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. A ɗan tauna har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi a kunci kamar yadda dattijo ke ajiye goro, idan yajin ya lafa a sake taunawa, har wajen minti 30. Kofi da lemon kwalba suna hana shi shiga jiki, don haka a bar minti 15 tsakani.

Akwai ƙwayoyi biyu da sai da takardar likita, bareniklin da bufurofiyon. Na farkon yana cikin mafi ƙarfin abin da ake da shi. Akan fara shi mako ɗaya kafin ranar dainawa, a sha na mako 12, kuma yakan ɗan tayar da zuciya idan ba a ci abinci ba. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon zuciya ko farfaɗiya, kada su fara komai sai sun yi magana da likita. Layin taimako na ƙasa shi ne 1-800-784-8669. Kyauta ne, yana sada mutum da na jiharsa, kuma jihohi da yawa, har da New York, suna aika filasta ta farko kyauta ga wanda ya cancanta. Medicaid na biyan kuɗin waɗannan magunguna idan akwai takardar likita, shi ya sa takardar ke da daraja ko da ana sayar da filastar a kanti ba tare da ita ba.

Gargaɗi ɗaya ga gidan da ke da ƙananan yara: cingam da alawar nikotin kamar kayan zaƙi suke a idon yaro, kuma guba ne a gare shi. A kulle su a sama. Filastar da aka cire a naɗe ta, a jefa inda hannu ba ya kaiwa.

Shisha tana cikin tambayar likita, ko da masu shanta ba sa kiran kansu masu shan taba. Ruwan tulun sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace shi, gawayin kuma yana ƙara kabon monoksaid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zaman awa ɗaya yana iya kai hayaƙin kara 100 ko fiye. Sigarin lantarki kuwa hukumomi sun saɓa a kansa. A Birtaniya hukumar lafiya ta NHS tana amfani da shi wajen taimaka wa manya su bar sigari, a Amurka hukumar FDA ba ta amince da ko ɗaya a matsayin maganin dainawa ba. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne kada a busa shi kusa da yaro, kuma ruwansa yana iya kashe ƙaramin yaron da ya haɗiye shi.

Ga mai son lissafi: doka ta hana a sayar da kwalin sigari ƙasa da dala 13 a birnin New York. Kwali ɗaya a rana dala 4,745 ne a shekara, kuɗin da ya isa tikitin zuwa gida na fiye da mutum ɗaya. Binciken da Richard Doll da abokansa suka yi shekara 50 suna bibiyar likitocin Birtaniya, wanda aka kammala wallafawa a 2004, ya nuna cewa wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yakan tsira da kimanin shekara 10 na rayuwa da sigari kan cinye, mai 40 shekara 9, mai 50 shekara 6. Ajali na Allah ne, amma waɗannan su ne shekarun da yaron da ake kai awo yau zai gama makaranta ya yi aure.

Yadda za a amsa

Tsoro biyu ke riƙe mutanenmu. Na farko shi ne kada a ce an amsa laifi, hukumar kula da yara ta shigo gida. Sigari halattacciya ce a dokar ƙasar nan ga wanda ya kai shekara 21, kuma ana yi wa kowane iyali wannan tambaya kamar yadda ake tambayar kujerar mota. Likita ya fi natsuwa da iyayen da suka ce akwai kuma suna neman mafita. Na biyu kunya ce, kuma ta fi tsoron hukuma ƙarfi. Ta fi tsanani ga 'yar uwar da ita ce ke sha a ɓoye, wadda ba ta da ko ƙawar da za ta faɗa wa. A gare ta ɗakin likitan yara yana iya zama wuri ɗaya tak da za ta faɗa ba tare da labari ya isa gidan suna ba.

Shawarata ga maigida ita ce ya ɗauke wa matarsa wannan kaya. Bai dace a bar ta tsakanin yin ƙarya da jin ta tona asirin miji ba, a kan abin da ba ita ke yi ba. Ya zaɓi awo ɗaya daga cikin 11 ɗin nan, ya nemi na sassafe ko na Asabar idan asibitin na buɗewa, ya kai yaron da kansa. Abin da zai faɗa bai wuce jimla biyu ba: ina shan sigari, kara kaza a rana, ina so a taimake ni in daina. Ya nemi takardar filasta da cingam, ya nemi a sa shi a layin waya. Idan likitan ya ce ba ya rubuta wa manya magani, ya tambaye shi inda zai je, kada ya fita hannu rabbana. Wanda Turanci ke yi wa wuya yana da haƙƙin a samo masa tafinta kyauta, ko ta waya ce, a duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kada a sa babban ɗa ya yi tafinta a irin wannan magana. Nauyi ne ga yaron, kuma uba ba zai faɗi adadin gaskiya a gabansa ba.

Uwargidan da mijinta bai shirya zuwa ba, tana iya gaya masa tun a gida cewa za a yi tambayar kuma gaskiya za ta faɗa saboda lafiyar yaro, sannan ta karɓo masa takardar bayani da lambar waya. Ta zaɓi lokacin da ya huta, ba a gaban yara ba, ba kuma a ranar da asma ta tashi rai yana ɓace ba. Kafin ya daina, akwai abin da za su iya yankewa tare a yau: ba a sha a gida, ba a sha a mota, ga kowa har baƙo, a ware riga ɗaya ta fita waje, a wanke hannu da fuska kafin a ɗauki jariri. Gidan da ya kafa wannan doka yakan sauƙaƙa wa mai shan dainawa, domin kowane kara ya zama sai an sauka bene cikin sanyi.

A sa rana, cikin mako biyu masu zuwa, a kwashe toka da ashana da sauran kwalin da aka ɓoye a aljihun mota. Wanda ya ga azumi ya kusa yana iya ɗaura niyyarsa da shi, tunda ya riga ya nuna wa kansa yana iya yini ba sigari. Sai dai ya shirya wa bayan buɗa baki, domin nan ne ake rama abin da aka rasa. Kwana ukun farko su ne mafi wuya, daga mako na biyu zuwa na huɗu abin yakan lafa. Ita ƙawar kanta, duk tsananinta, mintoci kaɗan take yi ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Ruwan sanyi, asuwaki, ko saukowa daga mota a taka kaɗan sukan isa a tsallake ta. Wanda ya zame ya sha kara ɗaya kada ya cire filastar yana cewa komai ya rushe. Ya bar ta a jikinsa, ya jefar da sauran kwalin, idan masu layin waya suka kira ya gaya musu a ina abin ya faru da kuma ƙarfe nawa, domin da wannan bayani ne za su gyara masa shirin mako mai zuwa.